Turmin da Na Naɗe da Bargo

Ranar Talatar da ta wuce ina kishingiɗe ƙarƙashin rumfa bayan sallar azahar, carbi a hannu, barci yana fizgata, sai na ji wani sauti daga wajen madafa: dim, dim, dim. Ba irin ƙarar turmi ba ce mai tashi sama ta ratsa unguwa. Sauti ne a toshe, mai nauyi, wanda bayan mutum ke ji ta tabarma kafin kunnensa ya ji. Ban san lokacin da na tashi zaune ba.

Rakiya ce, matar ɗana, take dakan yaji a ƙaramin turmi. Ta ninka tsohon buhu ta sa a ƙarƙashinsa, don tsakar gidan namu na nan Tawa duk an shimfiɗa masa karo, wato tayil.

Na ce, "Rakiya, mi ya sa kinka yi ma turmi shimfiɗa?"

Ta yi dariya. "Don karon ne, Inna. Wancan watan guda biyu na fasa, kin kuwa ji abin da ɗanki ya ce."

Na ce to, na koma na kwanta, amma barcin ya tafi ke nan. Bazara muke ciki, irin wadda hadari ke haɗuwa a gabas kowace la'asar, ya yi baƙi, ya turo iska mai ƙanshin ruwa, sannan ya watse bai ɗiga ba. Waccan bazarar ma haka take, shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Sautin ma shi ne, sai dai wancan ni ce mai yin sa.

Ni haifaffiyar Tawa ce, na yi lakkwal, wato boko, har aji uku na kwaleji, aure ya kai ni wani gari a arewacin Adar. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanensa suna raye. Wanda ya taɓa bin hanyar da ke fita Tawa ta wajen Afala ta miƙe Takanamat ya san irin ƙasar. Garin yana gindin dabagi, wato tudun nan mai shimfiɗaɗɗen kai da baƙar tsakuwa, wanda ba ya fid da komai sai anza da ƙaya. Daga gabas jigawa ce, inda ake noman hatsi da wake. Tsakaninsu ƙorama, wadda ke cika sau ƴan kaɗan a damina, ta kwashe abin da ta samu, gobe ka tarar da rairayi kamar ba a yi ba. Rijiya ɗaya ce, mai zurfin da jakin da ke jan guga sai ya yi nisa kafin ruwan ya leƙo. Ƙasar cikin gari kuwa rairayi ce a ido, amma ka tona taki biyu sai ka ci karo da dutse, shimfiɗa ɗaya ƙarƙashin gidajen duka. Masu ginan kabari sun fi kowa sanin haka.

Surukata, wadda kowa ke kira Kaka, takan ce maharba ne suka fara zama a wurin, manoma suka biyo su. Buzayen unguwarmu sun zo daga baya, a shekarar da dabbobi suka ƙare a arewa. Maigari na lokacin ya yanka musu gonaki a bakin jigawa, suka kafa bukkoki, suka koyi riƙon hauya. Amma sunayensu ba su taɓa shiga takardar garin ba. Katin lanhonsu, wato katin harajin iyali, yana hannun hakiminsu na asali can arewa, tafiyar kwana uku a jaki. Ba wanda ya damu da wannan. A masallacinmu suke salla, matattunsu suna kwance kusa da namu.

Cikinsu akwai Gaisha. Dangar kara ɗaya ta raba gidana da nata, bayan ɗakina yana kallon ƙofar bukkarta. Mijinta Ahmudu, mutum marar magana. Tana da ƴa, Minata, mai shekara shida ko bakwai, da jariri a goye.

Akwai wata al'ada a garin da na tarar, ban ga irinta a birni ba. In mace ta ji turmi a gidan maƙwabciyarta, ba ta jiran a kira ta. Za ta ɗauki taɓaryarta ta shigo, a yi surfen tare. In an gama aka sheƙe, dusar ta wadda ta taya ce, ta tafi da ita, in an dama fura kuma ɗiyanta su sha. A shekarar ƙoshi wannan ba komai ba ne, kaji ake zuba wa dusar. Hira ce da lugude, taɓarya biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauka wannan ta tashi. Ni da Gaisha mun yi shekara tara a haka. Da na zo ban iya lugude ba, ita ta koya mini.

"Madam," haka take kirana, "taɓaryarki da Faransanci take magana, shi ya sa turmin bai jin ta."

"Ke kuma Buzuwa, wa ya koya miki hatsi? Jiya-jiya raƙumi kike tatsa."

"I, kuma raƙumin bai taɓa taka mini ƙafa ba kamar yadda kike yi."

Shekarar da aka fara zaɓen komin, gari ya ɗauki zafi. Da can komai sai an je wurin sarki ko an sauko Tawa. Yanzu aka ce an yanka ƙasa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da magajin garinta da konseyoyinta, wato kansiloli, talaka zai ga nasa a kusa. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, ya tsaya takarar konseye. Garin ya rabu biyu, har mata a rijiya kowane ɓangare da layinsa na tuluna. Buzayen unguwarmu an rubuta su cikin masu zaɓe, tunda a nan suke zaune, kuma dukansu Malam suka bi. Ni na zaunar da Gaisha na nuna mata takardar da za ta ɗauka da yadda ake sa ta a ambulan. Ta fito tana ɗaga yatsa mai tawada.

"Madam, na sa mijinki cikin akwati. In ya zama babba, ki tuna wa ya rufe shi."

Malam ya ci. Ya taɓa kai ni ofishin komin, na ga taswira a bango, na karanta masa sunayen garuruwa ina jin daɗin kaina. Na ga layin da ya zagaye mu. Ban tambayi inda hakimin su Gaisha ya faɗa ba. Can waje yake, cikin wani komin dabam.

A daminar nan ruwa ya ɗauke hatsi yana da ciki. Muna roƙon ruwa sai ga fara. Da hantsi ta zo, rana ta dushe kamar an rufa mata mayafi. Muka fita da kwanoni da zannuwa muna kaɗawa, yara suna kuka. Ƙarar cinta har yanzu ina jin ta, kamar yayyafi a kan busasshen kara. Kwana biyu ta yi. Abin da muka kai rumbu, a shekarar kirki kunya za ka ji ka ba wa mai roƙo.

Maza ba su jira kaka ta ƙare ba. Motar ranar kasuwa ta riƙa fita cike, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Kafin sanyi ya wuce garin ya koma na mata da tsofaffi da yara. Malam ya zauna saboda kujera. Ahmudu ya zauna saboda ba shi da abin shiga mota.

Da farko aka rage tuwo, ya koma sau ɗaya. Daga nan fura ta koma ruwa-ruwa, kana ganin gindin ƙwarya. Daga nan aka shiga garin rogo, ga wanda ya sayar da akuya. Da bazara ta kama sosai sai anza. Da asuba muke hawa dabagi, kafin duwatsu su ɗauki zafi, don in rana ta yi tsaka suna ƙona ƙafa ta cikin takalmin roba. A tsinko ƴaƴan, a ɓare, a tafasa, a jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, ruwan kuma sai an yi rabin yini a rijiya. Duk da haka ɗacin ba ya fita duka. Yana zama a maƙogwaro, ko ruwa ka sha sai ka ji shi. Na ga tsofaffin mata suna tona gidan tururuwa suna tankaɗe ƙasar don ƴan ƙwayoyin da ta tara. Abin da ya fi tsorata ni shi ne shiru. Garin da kake sanin lokaci da ƙarar turame ya zama ba ka jin komai sai kukan kurciya.

Sai aka ce taimako ya iso komin, hatsi, za a raba. Aka tara mu a ƙofar maigari. Ana kira gida-gida, kuma da katin lanho ake kira. Gaisha tana gefena da ƙwaryarta, ta wanke ta tas. Aka kira har na ƙarshe. Ba a kira ko ɗaya daga cikin Buzayen ba.

Ahmudu ya matso wurin Malam a hankali. "Konseye, mu hwa?"

Malam ya shiga ya fita, washegari ya hau jaki har ofishin komin. Ya dawo fuska a murtuke. An ce masa buhunan an ƙidaya su bisa takardar kowane hakimi, rabon waɗannan yana can inda katinsu yake, su je can.

Na ce, "Ranar zaɓe ai ba a ce su tahi can ba."

Ya ce, "Na faɗi haka, Hadiza. Wani ya ce in na matsa, a ɗebe daga rabon garinmu, in zo in gaya ma mutane da bakina."

Bai iya ba. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yau ma ban gani ba sosai.

Kwana goma turame suka yi magana a gari. Gaisha ta shigo da taɓaryarta kullum, ta tafi da dusa, Minata ta sha fura tare da ɗiyana uku. Dusar nan ita suke tuƙawa su ci. Sannan rabon ya ƙare, shirun ya dawo.

Ana nan sai ƙanen Malam da ke Abijan ya aiko, wani ɗan kasuwa a Tawa ya ba da buhun hatsi guda, aka kawo mana shi cikin motar kasuwa, an lulluɓe da tabarmi. Halal ne, guminsa ne. Amma a lokacin ƴan ɗaya ɓangaren sun fara yawo da magana cewa konseyoyi sun ɓoye buhunan taimako a ɗakunan matansu. Malam ya ce, "Ki lallaɓa, idon mutane na kanmu." Iyakar abin da ya ce ke nan. Sauran duk ni na ƙara.

Na zauna na dubi buhun, na dubi ɗiyana da Kaka, na ƙirga watannin da suka rage kafin sabon hatsi. In Gaisha ta ji turmi za ta shigo. In ta shigo, ba dusa kaɗai ba ce, ba zan iya kallon Minata in hana ta fura ba. In Buzayen suka sani, gari ya sani. Na ce wa kaina sunan Malam nake karewa. Wannan dalilin ya yi mini daɗi, na riƙe shi da hannu biyu.

Na jawo turmi cikin ɗaki. Na tona rami a tsakar ɗakin har na taɓa dutse, na zaunar da shi a ciki don kada ya yi amo, na naɗe cikinsa da bargon aurena, na ɗaure da igiya. Da hantsi, in mata sun hau dabagi, sai in ce Kaka ba ta jin daɗi, in rufe ƙofa, in toshe taga da tsumma. Ban iya ɗaga taɓarya sosai ba saboda rufin ɗaki, sai in riƙa sauke ta gajere-gajere. Dim, dim, dim. Zufa tana shiga mini ido, numfashi yana yi mini wuya, surfen da ake yi kafin a gama hira ɗaya sai ya ci mini rabin yini. Na fita sau ɗaya na sa babban ɗana ya daka, na tsaya a tsakar gida na kasa kunne. Ban ji komai ba. Na ji daɗin dabarata. Ƴar lakkwal.

Dusar kuwa, ba yadda zan ba Gaisha ba tare da ta san daga ina ta fito ba. Akuya ɗaya ta rage mana. Ita na riƙa ba, a bayan ɗaki, don ta kawo wa ɗiyana nono. Na daɗe ina neman yadda zan rubuta wannan ya yi sauƙi, ban samu ba.

Kaka idonta ya yi rauni amma kunnenta lafiya lau. Ran nan na miƙa mata fura, ta riƙe ƙwaryar ta daɗe.

"Tun da anka kawo ni garin ga, ban ga an yi daka ƙofa rufe ba."

Ta juya fuskarta wajen bango ta sha.

Na san abin da addini ya ce game da mai kwana da ƙoshi maƙwabcinsa na jin yunwa, tun ina makarantar allo na sani. Ina idar da salla in ɗaga hannu in roƙi ruwa, sai in ji kamar tafin hannuna yana warin dusa.

A kwanakin nan Gaisha ta rage hawa dabagi, don jaririn yana zawo, nononta ya janye. Na san tana gida. Na ce ai bargo yana aikinsa. Muka haɗu a rijiya wata safiya, wuyanta ya yi tsawo, zanen ya zagaye ta kusan sau biyu.

"Madam, turminku ma ya tahi Abijan?"

Na ce, "Mi za a sa mishi, Gaisha?"

Ta dube ni, ta yi ɗan murmushi. "Gaskiya ne. Allah shi kawo ruwa."

Da la'asar sai ga hannunta ta saman danga, da ƴar ƙwarya, anza ce da ta sha kwana biyar a ruwa, ta sa mata ɗan gishiri.

"Ki ba Kaka. Wagga ta yi daɗi, ɗacin ya hita."

Na karɓa. Na yi godiya. A cikin ɗakina akwai fura a rufe.

Ruwan farko ya sauka wata Alhamis da yamma. Ƙanshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara, ƙorama ta yi ta ruri. Washegari kowa ya nufi jigawa, mai sungumi a gaba yana sara, mai iri a baya yana jefawa yana rufewa da diddige. Mu mun ware iri daga buhun nan. Gonar Ahmudu tana jikin tamu. Ya zo ya tsaya a bakinta, hannu a baya, ya duba, ya koma. Sun cinye irinsu tun da daɗewa. Tiya biyu, wato kwanon awo biyu, da ta ishe shi. Ina da ita. Da na ba shi sai a tambayi inda na samu.

Bayan kwana uku Gaisha ta ce mini za su tafi arewa wurin hakiminsu, ko rabon nasu yana nan, ko dangi su ba su aron akuya.

"In damina ta yi kyau mu dawo. Ki duba mini bukka, kada awakinku su cinye ta, ku Hausawa ba ku iya ɗaure dabba ba."

Ba su dawo ba. Damina ta yi kyau, hatsi ya yi har ya fi mutum tsawo, gonarsu ta fid da ciyawa, bukkar ta faɗi a damina ta biyu. Daga baya Malam ya yi ta kai da kawowa har aka mayar da katin waɗanda suka rage cikin takardar garin. Gidaje kaɗan ne suka rage. Ban taɓa gaya masa maganar ramin ba, ya rasu yana zaton lallaɓawa kawai na yi.

Yanzu ina birni, inji ke surfe, inji ke niƙa, kowane gida da ƙofar ƙarfe, ba ka sanin wanda ya ɗora tukunya da wanda bai ɗora ba. Ranar Lahadi in na shiga kasuwa na ga matan arewa masu sayar da cuku da tabarmi, nakan tsaya in tambaya. Gaisha matar Ahmudu, mai ƴa Minata. Sukan ce Gaisha da yawa, Hajiya, wace daga ciki? Ban san ko jaririn ya rayu ba. Minata in tana raye ta kai shekarun Rakiya.

Safiyar da za su tafi, na kasa zama. Na ɗebi gari na ƙulla a tsumma, na fita na same su sun ɗora tabarmi da tukunya a kan jaki, taɓaryarta a ɗaure a gefe. Na miƙa mata ƙullin, na ce ɗan abin da Malam ya samo jiya ne. Ko a nan sai da na ƙara wata ƙaryar. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Tanimmirt," godiyarsu ke nan, ba ta saba yi mini ita da harshensu ba. Ta gyara goyo, suka kama hanyar ƙorama.

Sun ɗan yi nisa sai Minata ta saki hannun uwarta ta dawo da gudu, ƙafafunta kamar sillen kara. Na durƙusa, ina zaton ta manta wani abu. Ta matso kusa da kunnena, tana haki.

"Inna Hadiza, in mun tahi ki hiddo turminki waje, ɗaki da zahi. Mu dai ta ƙasa muke jin shi, in mun kwanta. Innata ta ce kada mu nuna mun ji, don kada ki ji kunya."